Hafsa, kafin ka tattara jaka ka tafi kwas: yadda za ka shiga, ka fito da abin kirki, kuma ka san inda ka dosa

Duk hafsan da ya ɗan jima cikin kaki ya san yadda bariki ke ɗaukar zafi ranar da sigina ta fito daga hedkwata da sunayen masu tafiya kwas, kowa na leƙa waya, wannan na kiran wancan, ka ga lis ɗin kuwa, akwai sunana? Wanda ya ga nasa sai murna, wanda bai gani ba sai ya hau lissafin waye ya yi masa ƙafar ungulu. Abin da ke damuna shi ne kaɗan ne ƙwarai ke tsayawa su tambayi kansu, to shi wannan kwas ɗin ina zai kai ni, kuma can ɗin nake son zuwa? Mafi yawa sun ɗauki kwas a matsayin hutu daga filin daga, ko kuma wasu 'yan haruffa da za a liƙa bayan suna. Alhali kowane babban kwas mararraba ce, daga nan hanyar mutum ke karkata zuwa riƙe dakaru, ko aikin ofis a hedkwata, ko koyarwa, ko ma ajiye kakin gaba ɗaya, kuma in ba kai ka zaɓa da idonka buɗe ba to wani a ofishin fostin da bai taɓa ganin fuskarka ba shi zai zaɓa maka.

Fara da sanin matakan. Kusan duk rundunonin duniya tsarin ɗaya ne, suna ne kawai ke bambanta. Akwai kwas na ƙananan hafsoshi da laftanar ke yi a makarantar sashensa, sojan ƙasa ko tankoki ko atilare ko injiniya ko sadarwa, inda ake koya maka aikin hannunka. Sai ƙaramin kwas na aikin hedkwata a matakin kyaftin. Sai babban, wanda manjo ke zuwa kwalejin kwamanda da aikin hedkwata, irin ta Jaji da aka kafa a 1976, ko ta Fort Leavenworth a jihar Kansas ta Amurka da ta faro tun 1881, ko ta Shrivenham a Ingila wadda ta gaji tsohuwar kwalejin Camberley bayan an haɗe kwalejojin rundunoni uku a 1997, ko ta Wellington a kudancin Indiya, ko ta Quetta a Pakistan. Daga nan sai kwalejin yaƙi ko ta tsaro ga kanar da birgediya, kamar ta Carlisle a Amurka ko kwalejin tsaro ta Abuja da ta fara a 1992. Asalin tunanin kuwa daga Prussia, wata tsohuwar daula a ƙasar Jamus, ya fito, bayan Napoleon ya yi musu kaca-kaca a Jena a 1806 sai hafsansu Scharnhorst da abokansa suka gane jarunta kaɗai ba ta isa ba, dole a samu hafsoshin da aka koya wa tunani da tsara yaƙi, suka buɗe makarantar yaƙi a Berlin a 1810. Kowane mataki tambaya daban yake amsawa. Na ƙasa yana koya maka yadda za ka kama wancan tudun, na tsakiya yadda za ka kai birged guda wajen da mai da harsashi da abinci da motar ɗaukar masu rauni, na sama kuma ko ya ma dace a yi yaƙin, da wane kuɗi, kuma me zai biyo baya.

Abu na farko da za ka yi da hannunka, nemi kundin ƙa'idojin aiki na rundunarku ka karanta shi da kanka, kar ka dogara da an ce, an ce na gidan shaƙatawar hafsoshi. A ciki za ka ga shekara nawa ake yi a kowane muƙami, wane kwas ne sharaɗin ƙarin girma, sau nawa aka yarda ka zauna jarrabawa, da shekarun haihuwar da in ka wuce su ƙofa ta rufe. Wannan na ƙarshen shi ke cin mutane. Ƙasashe da yawa suna bin tsarin ko ka hau ko ka fita, Amurka ma doka ta yi a kai a 1980, in kwamitin ƙarin girma ya tsallake ka sau biyu to galibi sai sallama ko ritaya sai dai in an ga dama an riƙe ka. Ɗauki farar takarda ɗaya, ja layi daga yau zuwa ranar da doka ta ce aikinka ya ƙare, sa shekarar da kowane kwamiti zai duba fayil ɗinka, sannan ka koma baya ka ga yaushe ne dole kwas ya riga ya shiga fayil ɗin. Za ka sha mamakin ƙanƙantar tazarar. Wani sai ya ce bari in ɗage bana oga na buƙatata a bataliya, baɗi kuma aka tura shi aikin wanzar da zaman lafiya, kafin ya farga abokan yayensa sun wuce shi da zango guda kuma shekaru sun cim masa. In ogan ne da gaske ya riƙe ka, roƙe shi cikin ladabi, ranka ya daɗe a sa min a rubuce cewa buƙatar aiki ce ta hana ni, domin gobe shi an canza masa wurin aiki, kai kuma fayil ɗinka ba ya magana da baki.

Jarrabawar shiga ba zan daɗe a kanta ba. A Indiya da Faransa gasa ce sosai, a Najeriya ma sai ka ci ta cancanta kafin a kira ka babban kwas na Jaji. Nemi manhajar da wuri, haɗa kai da mutum biyu ko uku masu himma, ku riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanku da biro a hannu, domin yawancin masu faɗuwa sun san amsar, lokaci ne ke ƙure musu. Tarihin yaƙi da dokar soja da al'amuran yau da kullum ba sa shiga kai a sati biyu.

Sannan ka nemi babba guda da zai ja ka. Ba ina nufin uban gida mai buga maka waya a gyara fostin ba, ina nufin wanda zai ba ka karatu ya kuma ci gyaranka ba sani ba sabo. Dubi Eisenhower, janar ɗin Amurka da daga baya ya zama shugaban ƙasa, lokacin da yake ƙaramin hafsa a Panama daga 1922 zuwa 1924 ya faɗa hannun Janar Fox Conner, mutumin nan ya sa shi karatun tarihin yaƙe-yaƙe yana yi masa tambayoyi, ya kuma sa shi rubuta odar aiki ta yini kullum a tsarin da ake rubuta odar yaƙi. Da ya je Leavenworth shi ya zo na ɗaya a ajinsu a 1926. Kuma ka lura, duk da wannan sai da ya yi kusan shekara 16 yana manjo, bai zama laftanar kanar ba sai 1936, amma da yaƙin duniya na biyu ya zo aka shiga neman waɗanda suka iya tsara aiki sunansa na cikin waɗanda aka tuna. Shirin da ya yi kafin kwas shi ya ɗaga shi a cikin kwas.

Yanzu ga inda nake so mu zauna sosai, rubutu. Wallahi in akwai abu ɗaya da ke raba hafsoshi a kwalejin hedkwata to shi ne iya rubutu a taƙaice, a fili, cikin lokaci. Kana iya zama gwarzo a daji, yaranka na son ka, amma a nan za a miƙo maka tulin takardu a ce janar na da minti biyar, rubuta masa shafi biyu ya yanke hukunci. Mutane da yawa sai su fara da dogon tarihi, su kawo duk abin da suka sani don a ga sun yi karatu, shawarar kuma tana can ƙasan shafi na shida. Juya shi. Sa abin da kake so a yi a sama, sai dalili, sai abin da zai ci na kuɗi da mutane da lokaci, sai haɗarin da ke ciki, shi ke nan. Tun watanni kafin ka tafi ka fara atisaye, ɗauki wani dogon rahoto ko wani labarin jarida mai sarƙaƙiya ka matse shi a shafi ɗaya, ba wa wanda bai san zancen ba ya karanta, ka tambaye shi me ka gane ake so a yi? In ya yi inda-inda to laifin rubutunka ne. Ka kuma koyi ƙa'idar rubutun soja ta rundunarku kafin ka iso, yadda ake lambar sakin layi, inda ake sa matakin sirri, yadda ake jera rataye, domin abin takaici ne a ce dare ya raba kana fama da tazarar layi maimakon tunani. Haka kwamfuta, in har yanzu da yatsa biyu kake bugawa to gyara tun yanzu, kar ka raina wannan.

Ga yadda abin yake a ɗakin sindiket. Ku goma ne ko sha biyu kewaye da teburi, taswira a bango an lulluɓe ta da leda mai garai-garai an zana kibiyoyi ja da shuɗi, malamin da ake kira DS, galibi laftanar kanar, yana zaune a gefe da ɗan littafinsa ba ya cewa komai. Aka ce manjo wane tashi ka ba mu shirinka na tsallake kogin nan. Ya tashi ya yi bayani mai daɗi, bataliya biyu a gaba ɗaya a baya, atilare na nan, a fara da asuba. Sai DS ya ɗago kai ya ce, gadar da injiniyoyinka za su kafa tan nawa take ɗauka, kuma tankarka tan nawa ce? Ɗaki ya yi tsit. A wannan daƙiƙar ake gane hafsa. Wani zai hau kame-kame, wani zai juya ya ɗora wa na kusa da shi laifi, wani kuma zai ce ranka ya daɗe ban duba wannan ba, a ba ni minti goma in dawo da amsa da kuma gyaran shirin. Na ukun nan shi DS ke rubuta wa alheri a ɗan littafin, domin shi ma ya san ba wanda ke riƙe komai a ka, abin da ake nema shi ne mutumin da janar zai iya yarda da maganarsa in ya ce na sani, saboda an san in bai sani ba zai faɗa. Kuma kar ka zama mai cika ɗaki da surutu don a san kana nan, kar kuma ka zama kurman da sai an kira sunansa. Yi magana in kana da abin ƙarawa, in abokinka na tsaye yana nutsewa ka jefa masa igiya, ana ganin wannan ma.

Za ka tarar da waɗanda suka riga ka sun bar gadon tsofaffin amsoshi na yawo a filasha, har da amsar malamai. Duba tsarin in kana so, amma dan Allah kar ka kwafa. Na farko malamai sun san su sarai, sau da yawa ma an ɗan canza alƙaluman atisayen don a kama mai kwafa. Na biyu kwalejoji yanzu suna sa rubutu a manhajar gano satar fasaha, kuma abin ba ya mutuwa. John Walsh, sanata daga Montana a Amurka kuma tsohon hafsa, takardar da ya rubuta a kwalejin yaƙi ta Carlisle a 2007 ita ta dawo ta cim masa a 2014, aka gano kwafe ce, ya janye daga takara, kwalejin kuma ta ƙwace digirin. Shekara bakwai bayan ya ɗauka an wuce wurin. Haka batun manhajojin nan masu rubuta wa mutum, tambayi dokar kwalejin a satin farko ka ji iyakar abin da aka halatta, ka tsaya a nan.

Atisayen yaƙi a kan taswira da kwamfuta ma kar ka ɗauke shi wasa don dai ba harsashi. Admiral Nimitz wanda ya jagoranci sojan ruwan Amurka a tekun Pasifik a yaƙin duniya na biyu ya yi kwalejin yaƙin ruwa ta Newport a farkon shekarun 1920, daga baya ya bayyana cewa sun buga yaƙi da Japan a ɗakunan atisaye ta hanyoyi da yawa har ba abin da ya zo musu a ba-zata sai harin ƙunar baƙin wake na jiragen kamikaze. Nemi a ba ka muƙamin da ba ka iya ba. In kai sojan ƙasa ne karɓi kujerar jigilar kaya ko ta leƙen asiri ko ma ka zama abokin gaba, a nan ne kuskure ba ya cin rai.

Abokan kwas kuma su ne rabin ribar. Wanda kuke raba dare da shi kuna zana taswira yau, shekara goma masu zuwa shi ne zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare lokacin da kake neman jirgin da zai kwashe maka masu rauni. Saboda haka kar ka maƙale wa 'yan sashenku kaɗai, zauna da na ruwa da na sama, da 'yan sanda da farar hula in akwai su, da baƙi 'yan wasu ƙasashe waɗanda galibi kaɗaici ke damunsu kuma ba sa manta wanda ya kula da su. Amurkawa sai da suka sha wahalar rashin jituwar rundunoninsu, a yunƙurin ceto mutanensu a Iran a 1980 da kuma Grenada a 1983, kafin suka yi dokar Goldwater-Nichols a 1986 wadda ta sa aikin haɗin gwiwa ya zama sharaɗin zama janar. Kai ba sai doka ta tilasta ka ba.

Rahoton ƙarshen kwas, wannan takardar za ta bi ka har ritaya. Maki na da muhimmanci amma jimlolin da DS ya rubuta sun fi shi nauyi, musamman layin da ke cewa ya dace da riƙe dakaru, ko ya dace da babbar hedkwata, ko a dawo da shi ya koyar. Don haka kar ka jira ƙarshe. A ganawar zangon farko tambaye shi kai tsaye, ranka ya daɗe wane abu ɗaya ne in na gyara zai fi canza yadda kake kallona? Rubuta amsar, gyara, ka dawo zango na biyu a ga bambanci. In kuma an rubuta abin da kake ganin zalunci ne, akwai hanyar ƙorafi a ƙa'ida, bi ta cikin natsuwa kafin ka sa hannu, ba a bakin get bayan an watse ba.

To kwas na gida ko na waje? Kowa na son na waje, ba ƙarya, akwai buɗewar ido, akwai ɗakin karatu na gaske, akwai alawus. Amma auna abu uku. Shin rundunarku ta ɗauke shi daidai da na gida a wajen ƙarin girma, a rubuce? Akwai kwasa-kwasan waje masu kyan suna da ba sa cike gurbin komai a fayil. Sannan harshe, in za ka Amurka ƙarƙashin shirinsu na horar da sojojin ƙasashen waje, wato IMET, sai ka ci gwajin Ingilishi, in maki bai kai ba a fara kai ka makarantar harshe a Lackland da ke Texas, kuma dokar Leahy ta sa suna bincikar ko kai ko rundunar da ka yi aiki da ita na da tabon take haƙƙin ɗan Adam. In Paris ne ko kwalejin yaƙi ta Yawunde to Faransancinka ya zama na rubuta muƙala, ba na gaisuwa ba. Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba, shekarar da ka yi a waje abokan yayenka suna gida suna sanin juna suna kuma sanuwa a wajen manya, kai za ka dawo da ilimin rundunar da ke da jirage da kuɗin da taku ba ta da su. Ni a ganina in dama ta samu, yi matakin manjo a gida inda za ka san mutanenka da tsarinku, ka nemi na waje a matakin kwalejin yaƙi inda zancen ya koma na siyasar duniya da dabarun ƙasa. In kuma na wajen ne ya fara zuwa, karɓa, amma kar ka dawo kana cewa a can kaza ake yi a kowane taro, zaɓi abu ɗaya ko biyu da za su yi aiki da kayan da ke hannu ka aiwatar da su shiru.

Kwas ta intanet ko ta wasiƙa da wasu ƙasashe ke bayarwa yana cike sharaɗi, kuma yana ceton wanda aiki ko iyali suka ɗaure, sai dai ba sindiket ba abokai, kuma karatun zai hau kan aikinka na yini ne. In shi ne kaɗai mafita yi shi da wuri ka gama.

Digirin farar hula fa? Yawancin manyan kwalejojin nan yanzu suna haɗa kai da jami'a su ba da digiri na biyu, kamar yadda Shrivenham ke yi da King's College ta Landan. In ƙarin aikin muƙala ɗaya ce to yi, asara ce ka bari. Amma in rundunar ce za ta sake ka ka tafi jami'a shekara ɗaya ko biyu da kuɗinta, karanta yarjejeniyar da za ka sa wa hannu layi-layi, domin kowane karatu da aka biya maka bashi ne da ake biya da shekaru. A sojan ƙasa na Amurka alal misali, kowace rana ɗaya ta irin wannan karatun kwana uku za ka biya na aiki. Tambayi ko wa'adin yana tafiya tare da wanda ke kanka ne ko sai wancan ya ƙare zai fara, bambancin na iya zama shekaru. In zuciyarka ta riga ta fara leƙen waje, kar ka karɓi kwas mai dogon ɗauri don kawai kunyar cewa a'a, kuma ka tuna kujerar da ka zauna akwai wanda ke son zama da gaske da aka hana.

Iyali. Zauna da matarka, ko mijinki in ke ce hafsar, tun kafin sigina ta fito, ba bayan ta fito ba. Faɗi gaskiya, wata goma ko sha ɗaya ne, zan riƙa kwana a kan takarda, ko muna gari ɗaya ba za ki gan ni sosai ba, kuma bayan kwas akwai yiwuwar a sake tura mu wani wuri. Ku yanke tare, a tafi da yara ko a bar su su ƙarasa shekarar makaranta, wa zai duba tsofaffi, nawa za a ware don kwamfuta da littattafai da kayan bikin yaye. Hafsoshi da yawa da suka yi rauni a kwas ba kai ne ya gaza ba, hankali ne ya rabu biyu saboda an bar gida ba shiri.

Tun ana saura wata uku a gama ka fara tunanin fostin na gaba, domin abin da ka koya in ba ka yi aiki da shi ba cikin shekara biyu zai zube. Inda ake ba da fom na zaɓi cike shi da hankali, inda ba a bayarwa gaya wa DS da babban da ke jan ka abin da kake so da dalili. Mai son zama kwamandan bataliya yana buƙatar a gan shi a hedkwatar birged ko ta runduna yana tsara aiki na gaske, ba wani lungu mai sanyi da ba wanda zai rubuta masa rahoto mai nauyi ba. In aka ce ka dawo ka koyar kar ka ɗauka an jefar da kai, a yawancin rundunoni na gaba-gaba ake kira. George Marshall, wanda daga baya ya shugabanci sojan ƙasa na Amurka, ya yi 1927 zuwa 1932 yana jan ragamar koyarwa a makarantar sojan ƙasa ta Fort Benning, kuma kusan mutum 200 cikin malamai da ɗaliban da suka ratsa hannunsa sun zama janar-janar, irin su Bradley da Stilwell. Sannan ka yi wa kanka gaskiya, ba kowa aka halitta don riƙe dakaru ba, akwai wanda baiwarsa na wajen jigilar kaya, ko sayen makamai, ko tsaron intanet, ko shari'a, kuma runduna na matuƙar buƙatarsu. In nan ne ƙarfinka bi kwasa-kwasan wannan layin da wuri ka zama wanda ba a iya yi sai da shi, maimakon ka ƙare kana matsakaici a layin da ba naka ba.

In ba a zaɓe ka ba, ko ka faɗi, zai yi ciwo, bar shi ya yi ciwon sati ɗaya. Daga nan nemi ganin fayil ɗinka in doka ta yarda, sau da yawa za ka tarar rahoton wata shekara ne ya ɓace, ko gwajin lafiya ko na motsa jiki ne bai shiga ba. Gyara abin da ke gyaruwa, ka sake zama. Kar ka huce a kan yaranka, su ba su da hannu.

Maganar zama ko tafiya kuwa, lokutan da suka fi dacewa a yi ta da gaske su ne daf da karɓar babban kwas, da kuma ranar da wa'adin ɗaurinsa ya ƙare. Sama tana ƙara tsukewa, manjo da yawa ne ke neman kujerun kanar kaɗan, kuma a wasu ƙasashe da zarar an naɗa ƙaninka a aiki shugaban runduna to al'ada ta ce ku na gabansa ku tafi gida ko da ba ku shirya ba. Don haka lissafi za ka yi ba fushi ba. Shekara nawa suka rage ka cancanci fansho? A tsohon tsarin Amurka wanda ya fita kafin shekara 20 ba ya samun fansho sam, sai a 2018 suka kawo tsarin da ke ba mai fita da wuri wani abu a asusunsa, kowace ƙasa da nata, san naku da alƙalami. Me zai faru da asibitin iyali da gidan bariki? Wane aiki ne a waje ke son abin da ka iya, kuma ka yi magana da mutum biyu ko uku da suka fita shekara biyu zuwa biyar da suka wuce, ba waɗanda suka fita jiya suna cikin ɗoki ba? Kar ka rubuta takardar ajiye aiki a satin da oga ya ci maka mutunci ko lis ya fito ba sunanka, ajiye ta wata uku ka sake karantawa. In har lokacin ra'ayinka bai canza ba to ka fita da mutunci, ka miƙa aiki tsaf. Kuma kafin ka mayar da katin shaida, bi kowace makaranta da ka yi ka karɓi satifiket da cikakken sakamako da bayanin awannin karatu da darussan da aka yi, ka kai hukumar da ke tantance takardun karatu a ƙasarku ta faɗi matsayinsu, sannan ka sake rubuta tarihin aikinka da harshen da farar hula ke ganewa, mutum nawa ka shugabanta, kasafin nawa ka riƙe, motoci da kayan nawa ke ƙarƙashinka, domin manajan ɗaukar ma'aikata bai san me psc, haruffan da ake liƙa bayan sunan wanda ya gama kwas ɗin hedkwata, ke nufi ba, kuma samun waɗannan takardun bayan ka fita daga get ya fi wuya nesa ba kusa ba.